Tsingaro da dutsen ƙanƙara a ƙarƙashin coci: me suke tabbatarwa, me kuma ba sa tabbatarwa?

Idan ma'aikata suka tona harabar wani tsohon coci a Ingila, suka ci karo da gutsattsarin tukwane da sassaƙaƙƙun duwatsu waɗanda suka girmi addinin Kirista da dubban shekaru, shin hakan yana nufin ginin ya kai waɗannan shekaru, ko kuwa an kafa shi ne a kan wurin tsafin mutanen dauri? Wannan tambaya tana dawowa kusan duk lokacin da aka ba da labarin irin wannan tono, kuma amsar da ta fi saurin yaɗuwa a bakin jama'a ita ce wadda ta fi daɗin ji, wato mutane sun yi ta ibada a wuri guda tun fil'azal, wani addini yana gadon wani. Masu aikin tonon kayan tarihi ba kasafai suke amincewa da haka ba, domin a wurinsu tsufan abin da aka samu rabin magana ne kawai. Sauran rabin shi ne inda aka tarar da abin kwance, da abin da ke samansa, da kuma wanda ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya faru a Stoke Mandeville

A ƙauyen Stoke Mandeville da ke gundumar Buckinghamshire, arewa maso yammacin Landan, akwai kufan wani coci mai suna St Mary wanda aka gina wajen shekarar 1080, 'yan shekaru bayan mutanen Nomandi da ke arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A ƙarni na 19 mutanen garin suka gina sabon coci kusa da gidajensu, tsohon ya zama kango, har aka rushe shi a 1966. Da aka zo shimfiɗa layin dogo na HS2 sai ya kasance hanyar za ta ratsa ta kan kufan, saboda haka aka tone wurin baki ɗaya, aka kwashe ƙasusuwan mutane kimanin 3,000 da aka binne a harabar cikin ƙarnuka masu yawa.

A watan Satumba na 2021 aka sanar cewa an gano wani gini mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin harsashin cocin, an yi bangonsa da dutsen ƙanƙara, wato dutsen ƙyasta wuta, kuma wani kwari da aka haƙa ya kewaye shi. Fassarar farko ita ce coci ne na zamanin Sakson, wato wanda ya riga na Nomandi, kuma haka kafafen labarai suka ɗauka. Kafin watan Oktoba ya ƙare sai aka tono sassaƙaƙƙun gumakan dutse na zamanin Rumawa daga cikin kwarin, na mace da na namiji da kan wani yaro, tare da wani tulun gilashi mai kusurwa shida. Nan take magana ta sauya, masu tonon suka koma ganin ginin hubbaren Rumawa ne, ko da yake an sami tsingaron tukwanen Sakson da kuɗin zamaninsu a wurin, kuma suna ganin mai yiwuwa tudun da kansa ya fara zama wurin binne gawa tun zamanin tagulla. Cikin wata biyu kacal gini ɗaya ya tashi daga coci ya koma hubbare, ya kuma ƙara tsufa da ɗaruruwan shekaru, ba don wani ya yi ƙarya ba, sai don cebur ya ƙara nutsawa ƙasa.

Zamunan da ake nufi, da dutsen da ake magana a kai

Abin da masana suke kira zamanin kafin tarihi shi ne duk lokacin da ya gabaci rubutaccen labari a wata ƙasa, saboda haka iyakarsa ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A Birtaniya an saba yanke shi a shekara ta 43 Miladiyya, lokacin da Rumawa suka mamaye tsibirin. A cikinsa akwai zamanin mafarauta da masu tsintar 'ya'yan itace, sai noma da ginin tukwane da suka iso wajen shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai zamanin tagulla, sai na ƙarfe. Farkon tsakiyar zamani kuwa ya kama daga wajen 410, lokacin da mulkin Rumawa ya ƙare a can, zuwa 1066. Ke nan idan rahoto ya jera kayan waɗannan zamuna biyu a jimla ɗaya, mai karatu ya lura cewa tazarar da ke tsakaninsu tana iya kaiwa shekara 5,000.

Ƙanƙarar da ake nufi ba ta ruwa ba ce, dutsen nan ne mai tauri da ake ƙyasta wuta da shi. Yana fitowa dunƙule-dunƙule a cikin farar ƙasa mai kama da alli wadda ta shimfiɗu a kudanci da gabashin Ingila, kuma idan aka fasa shi bakinsa yana yanka kamar aska. A Grime's Graves da ke Norfolk akwai ramuka sama da 400 da manoman zamanin dutse suka haƙa da ƙahonnin barewa kimanin shekaru 4,500 da suka wuce don ciro mai kyau daga can ƙasa. Sana'ar ba ta mutu da zuwan ƙarfe ba, domin masu sassaƙa a garin Brandon da ke maƙwabtaka da wurin sun ci gaba da yin ƙanƙarar bindiga ana kai ta kasuwannin Afirka har cikin ƙarni na 20.

Yadda ake gane dutsen da hannu ya taɓa

Ba kowane fasasshen dutse ne makami ba. Sanyi yana fasa ƙanƙara, garmar noma ma tana fasa ta. Ɓallin da mutum ya cire da gangan yana da alamominsa: a samansa akwai ɗan fili inda aka dasa bugun, ƙasa da shi kaɗan akwai wani ɗan ƙululu mai santsi da yatsa yake ji tun kafin ido ya gani, daga nan kuma wasu zirara suna bazuwa kamar yadda ruwan tafki yake yi idan an jefa tsakuwa. Idan an ƙara gyara bakinsa da ƙananan ɓalle-ɓalle a jere, to an mai da shi wuƙa ko abin kankare fata. Siffa tana nuna zamani a wasu lokuta. 'Yan mitsi-mitsin tsinin da ba su kai gaɓar yatsa ba na mafarauta ne, kan kibiya mai kamar ganye na manoman farko ne, mai kunnuwa biyu da 'yar wutsiya kuwa na farkon zamanin tagulla ne. Amma mafi yawan abin da ake tsinta sharar sassaƙa ce wadda ba ta da wata siffa ta musamman, kuma iyakar abin da gwani zai ce a kanta shi ne wani ya zauna a nan ya yi aiki.

A harabar coci akwai wata matsala ta daban. Coci-coci da yawa a gabashi da kudancin Ingila da wannan dutse aka gina su, kuma magina suna fasa shi ne a nan gindin bango don su fito da baƙar fuskarsa mai sheƙi. Ɓallin da magini ya zubar a ƙarni na 14 yana iya yin kama da wanda mafarauci ya bari shekaru 6,000 kafinsa, sai ƙwararre ya duba irin bugun da kuma farin dattin da tsufa yake sa wa dutsen kafin ya raba su, wani lokaci ma ba ya iya rabawa.

Akwai kuma duwatsun da mutane suka kawo coci da hannunsu. Turawan dauri ba su san gatarin dutse aikin ɗan'adam ba ne, suna ɗaukarsa abin da tsawa ta jefo, kuma suna ɓoye shi a cikin gini don tsari daga tsawa. Bahaushe bai sha bamban da su ba a nan, tun da sunan da ya ba irin wannan dutse shi ne gatarin aradu. Gatari irin wannan idan aka same shi a bangon coci, labarin da yake bayarwa na camfin wanda ya saka shi ne.

Me ya sa baƙin tsingaro ya fi dutsen daraja?

Wanda bai sani ba zai ɗauka kan kibiya mai shekara 4,000 shi ne babban abin da aka samu. A wurin mai binciken tarihin cocin kuwa, wani ɗan gutsure baƙi ƙirin da bai fi faratan hannu biyu faɗi ba, mai ruɓushi kamar ƙonannen ƙuli-ƙuli, shi ya fi sa zuciyarsa bugawa. Dalili shi ne rubutattun takardu ba su cika faɗin lokacin da aka kafa cocin ƙauye ba. Yawanci akan fara jin sunansa ne a ƙidayar dukiyar ƙasa ta 1086 ko bayanta, alhali coci-cocin farko da yawa da katako aka yi su, ba su bar komai ba sai baƙin tabo a ƙasa inda ginshiƙai suka ruɓe. Tsingaro shi ne yake cike wannan giɓi.

A zamanin Rumawa akwai manyan masana'antun tukwane a Birtaniya, ana juya yumɓu a kan faifai, ana gasa shi a rufaffen tanderu. Bayan 410 wannan sana'a ta durƙushe cikin 'yan shekaru. Mutanen Sakson na farko da hannu suke gina tukunya, su cuɗa yumɓun da yashi ko ƙaiƙayi, su tara tukwanen a fili su lulluɓe su da itace su cinna wuta, kusan yadda maginan tukwane suke yi a karkarar ƙasar Hausa. Irin wannan tukunya ba ta gasuwa sosai, kuma ga inda gizo yake saƙar: tana kama ƙwarai da tukwanen zamanin ƙarfe waɗanda suka girme ta da shekara dubu. Idan gutsuren ba shi da baki ko ado, gwanaye biyu suna iya saɓawa a kansa. Abin da yake taimakawa shi ne kallon cikin yumɓun, domin masu ginin kafin tarihi a kudancin Ingila sukan ƙona ƙanƙara su daka ta su zuba a ciki, sai fararen tsakuwoyi su fito a jikin tsingaron kamar tsaki a cikin tuwo, ƙaiƙayi kuwa yana ƙonewa ya bar ƙananan ramuka masu siffar ƙwayar hatsi.

Daga ƙarni na 8 lissafi yana fara sauƙi. Garin Ipswich ya shiga gasa tukwane masu kauri a tanderu daga wajen 720 zuwa 850, kuma sun bazu a duk gabashin ƙasar. Bayansu aka sami na Thetford, da na St Neots masu dakakken ɓawon ƙumba a ciki, da na Stamford waɗanda tun ƙarshen ƙarni na 9 ake yi musu shafe mai ƙyalli kamar tangaran. Kowannensu an san shekarunsa daidai gwargwado. A Wales da yawancin Ailan kuwa mutanen wannan zamani kusan ba sa gina tukwane, da akushi da salka suke amfani, don haka rashin tsingaro a can ba ya nuna rashin mutane.

Maƙabarta ta fi ko'ina cakuɗa ƙasa

Ƙa'idar tono ita ce abin da ke ƙasa ya riga abin da ke sama, kuma abu mafi ƙanƙantar shekaru a cikin rami shi yake nuna cewa ba a cike ramin kafin zamaninsa ba. Misali, idan aka rushe bangon wani gida a Kano aka tarar da kwabo mai ɗauke da shekarar 1973 a cikin harsashinsa, an tabbata ba a yi ginin kafin 1973 ba, ko da yake ana iya yin sa a 1990. Idan kuma a gefen kwabon akwai anini mai huda na zamanin Turawa, aninin ba zai mai da ginin na zamanin Turawa ba, da ma yana cikin ƙasar da aka kwaɓa ne. Matsayin mafi yawan ƙanƙarar da ake samu a harabar coci ke nan.

Harabar cocin ƙauye ta sha haƙa fiye da kowace gona. Shekara ɗari takwas ko dubu ana binne mutane a fili ɗaya, kowane sabon kabari yana yanka cikin biyu ko uku da suka riga shi, mai haƙa yana fito da ƙasar can ƙasa ya mayar da ta sama, har filin ya tashi ya fi hanyar da ke gefensa tsawo. A cikin cikon kabari guda ana iya samun kan kibiyar zamanin tagulla da gutsuren rufin Rumawa da tsingaron Ipswich da maɓallin rigar ƙarni na 19, dukkansu a cebur ɗaya. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana damun masu nazarin gumakan Nok a Najeriya, domin na farkonsu an tsince su ne a ramukan kuza inda ruwa ya riga ya haɗa su da kayan dutse na zamuna daban-daban, sai da masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya tona wani wuri mai suna Taruga a shekarun 1960 aka same su a mazauninsu na asali tare da murhun narka ƙarfe.

Saboda haka wuraren da mai tono yake nema su ne waɗanda wani abu ya rufe tun da wuri: ƙasar da ke ƙarƙashin daɓen farko, ko ramin harsashin bango mafi tsufa, ko kwarin da aka cike kafin a fara binne mutane. Tsingaro uku daga irin wannan wuri sun fi buhu guda daga cikon kaburbura.

Inda masana suka saɓa

Masu cewa an gina coci-coci a kan tsofaffin wuraren tsafi da gangan ba su rasa hujja ba. A shekarar 601 Fafaroma Gregory ya aika wa Mellitus, ɗaya daga cikin masu wa'azin da ya tura Ingila, da wasiƙa cewa kada a rushe ɗakunan tsafin mutane, a fasa gumakan kawai, a yayyafa ruwan tsarki a mai da ginin wurin ibada, don jama'a su ci gaba da zuwa inda suka saba. Malamin tarihi Bede ya adana wannan wasiƙa. Sannan akwai wuraren da ido yake gani. A Rudston da ke Yorkshire wani dutse mai tsawon mita 7.6, mafi tsawo cikin irinsa a Birtaniya, yana tsaye dab da bangon coci. A Knowlton da ke Dorset an gina coci na ƙarni na 12 a tsakiyar da'irar ganuwar ƙasa ta zamanin dutse. Masu wannan ra'ayi suna cewa ruwa ba ya tsami banza.

Ɗaya ɓangaren yana amsawa da cewa tsakanin masu ganuwar Knowlton da masu cocin akwai shekaru fiye da 3,000, harshe ya sauya, jama'a sun sauya sau da dama, kuma ba wanda ya san abin da aka bauta wa a wurin. Ɗakunan tsafin Sakson da tono ya tabbatar an mai da su coci kaɗan ne ƙwarai, duk da wasiƙar Fafaroma. Sannan busasshen tudu da ke kusa da ruwa abin so ne ga mafarauci da manomi da mai gina coci baki ɗaya, ba sai ɗaya ya san da ɗaya ba.

A ganina wuri kamar Rudston ko Knowlton zaɓi ne da aka yi da sani, domin ba yadda za a yi magini ya kasa ganin dutsen ko ganuwar, ko da dalilinsa neman albarka ne, ko nuna rinjaye, ko kuwa don wurin da ma mahaɗar jama'a ce. Amma 'yan ɓallin ƙanƙara goma da ke binne a ƙasa babu wanda ya san da su a ranar da aka aza harsashi, kuma da za a tona gonar da ke bayan cocin da irin wannan kulawa, da wuya a rasa makamantansu.

Awon shekaru a ɗakin gwaji ba ya raba gardama koyaushe

Jama'a sukan tambaya me ya hana a kai kayan ɗakin gwaji a huta. Awon sinadarin kabon, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, yana aiki ne kawai a kan abin da ya taɓa rayuwa, kamar ƙashi ko gawayi ko ƙwayar hatsi, don haka ba ya auna dutse. A jikin tsingaro abin da ake aunawa shi ne ƙanzon abincin da ya ƙone ya manne, ko maiƙon da ya shige cikin yumɓu. Masanan Jami'ar Bristol sun yi nisa a wannan fanni, kuma da su aka yi binciken da ya gano alamar kakin zuma a tukwanen Nok a 2021.

Ko ƙashi ma yana iya ruɗar da mai awo. A Repton da ke Derbyshire, Martin Biddle da matarsa Birthe sun tona kusa da cocin St Wystan suka sami ƙasusuwan mutane aƙalla 264 a tattare, suka danganta su da rundunar Viking, wato mahara daga arewacin Turai, da ta yi zaman hunturu a garin a 873 zuwa 874. Awon farko ya nuna wasu ƙasusuwan sun girmi wannan lokaci da ɗaruruwan shekaru, sai aka daɗe ana shakkar fassarar. A 2018 Cat Jarman da abokan aikinta suka nuna cewa mutanen sun ci kifin teku da yawa, kuma abincin teku yana sa ƙashi ya fito a awo kamar ya fi shekarunsa. Da aka gyara lissafin sai shekarun suka koma ƙarshen ƙarni na 9.

Abin da ya shafi mazauna gari

Mafi yawan irin wannan tono ba don neman tarihi ake fara shi ba. Ikilisiya ce take son gina bayan gida ko ɗan kicin, ko jawo bututun ruwa, ko gyara daɓe, sai hukumar cocin ta gindaya sharaɗin a sami masani ya tsaya a kan ramin kafin ta ba da izini. Tun 1990 ƙa'idar tsara gine-gine a Ingila ta ɗora kuɗin binciken a kan mai aikin, wanda ke nufin ƙaramar ikilisiya mai 'yan tsofaffi talatin ita za ta biya, kuma idan aka ci karo da kaburbura aiki yana tsayawa, kuɗi ya ƙaru. Wannan shi ya sa ba kowa ne yake murna da jin an sami wani abu ba.

Ba kuma arziki ake samu ba. Dokar taska ta 1996 ta fi shafar zinariya da azurfa da tarin tsabar kuɗi, tsingaro da ƙanƙara kuwa a Ingila na mai filin ne, kuma ba su da wani farashi a kasuwa. Amfaninsu yana fitowa ne idan an tara su da yawa an ƙirga. Masaniyar kayan tarihi Carenza Lewis ta jagoranci mutanen gari da 'yan makaranta suka haƙa ƙananan ramuka kusan 2,000 a ƙauyukan gabashin Ingila, kowanne mita ɗaya a faɗi, kuma sakamakon da ta wallafa a 2016 ya nuna yawan tsingaro ya ragu da kimanin kashi 45 cikin 100 bayan annobar da ta afka wa ƙasar a 1348, abin da ya ba da ma'aunin ɓarnar a ƙauyukan da babu takardar da ta ambaci matattunsu.

Abin da har yanzu ake ja-in-ja a kansa shi ne makomar kayan bayan an gama. Gidajen tarihi da yawa na gundumomi sun cika da kwalaye har wasu sun daina karɓa. Dangi da malaman coci kuma sukan so a mayar da ƙasusuwa ƙasa da wuri, masu bincike suna so a jinkirta, suna kafa hujja da Repton, inda amsar ta zo shekaru fiye da talatin bayan tonon. A Barton-upon-Humber, inda aka tono mutane kusan 2,800 daga cocin St Peter tsakanin 1978 da 1984, an sasanta ne ta hanyar mayar da ƙasusuwan cikin wani keɓaɓɓen ɗaki a cikin cocin, suna nan a tsarkakakken wuri, mai bincike kuma yana iya neman izini ya duba su.